Sabunta manhaja kai-tsaye: Darasin JAMB da tambayar da ke jiran INEC kafin 2027

A ranar 14 ga Mayu, 2025, Magatakardan hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya tsaya gaban manema labarai a Bwari yana share hawaye. Ya amsa cewa sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas ya gurɓata, kuma sai sun sake zama jarrabawar. Musabbabin ɓarnar shi ne gyaran da aka yi wa manhajar jarrabawar: ya isa wasu daga cikin manyan kwamfutocin da ke rarraba tambayoyi, bai isa wasu ba. JAMB ta kasa aikinta rukuni biyu, ɗaya da sunan Legas, ɗaya da sunan Kaduna, kuma tsautsayin ya faɗa wa na Legas. Ɗalibin da ya yi sammako daga Rigachikun ya tsira da makinsa ne kawai domin gyaran ya isa ɓangarensa.

Kowace manhaja tana da ɓaraka. Idan masu ita suka gano, sai su aiko da ɗan gyara, kamar yadda mai faci ke liƙe hujin taya. Muhawarar ita ce: a bar na'ura ta karɓi facin da kanta da zarar ya fito, ko a jira sai mutum ya amince?

Hujjar masu cewa a bar ta tana da nauyi. A watan Maris na 2017 kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran wata ɓaraka a Windows. Bayan wata biyu, ranar 12 ga Mayu, manhajar WannaCry, wadda ke garkuwa da bayanai ta nemi kuɗin fansa, ta bi ta wannan ɓarakar ta shiga kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150. A Ingila asibitoci sun soke ganin marasa lafiya kusan 19,000. Maganin yana nan tun tuni, waɗanda abin ya shafa ne ba su sha ba. Haka a Mayun 2019, da WhatsApp ta gano ana cusa manhajar leƙen asiri ta Pegasus ta hanyar kira kawai, ko da ba a ɗaga ba, sabuntawa ce ta rufe ƙofar. Cikin mutum kusan 1,400 da aka hara akwai 'yan jarida da masu fafutikar kare haƙƙin ɗan Adam. Matashin da ke sukar gwamnati da wayarsa ya fi kowa buƙatar ya san wannan.

Sai dai ƙofar da magani ke shigowa, ta nan guba ma ke bi. Ranar 19 ga Yuli, 2024, kamfanin tsaron intanet na CrowdStrike da ke Amurka ya tura wani gyara mai kuskure ga abokan cinikinsa a lokaci guda. Microsoft ya ƙiyasta cewa kwamfutoci miliyan 8.5 ne suka durƙushe. Kamfanin jiragen Delta kaɗai ya soke tashi kusan 7,000. An janye gyaran cikin ƙasa da sa'a biyu, amma da yawa daga cikin na'urorin sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu. A 2017 kuwa, masu kutse sun ɓoye NotPetya cikin sabuntawar wata manhajar lissafin haraji a Yukiren, ta bazu har ta tsayar da aikin kamfanin jiragen ruwa na Maersk. Waɗanda suka bi ƙa'ida su ne farkon waɗanda suka kamu.

A Rigachikun, kamar sauran garuruwan da ke kan titin Kaduna zuwa Zariya, lissafin ya fi wannan kusa da aljihu. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a Janairun 2025, waya mai sabunta kanta cikin dare tana iya lashe datar da mai ita ya saya domin kwana bakwai. Shawarar da kamfanoni ke bayarwa ita ce a jira sai an samu wayfai, shawarar da aka tsara domin gidajen da ba irin namu ba. Ga kuma ƙarancin ma'aji: manhaja tana ƙara nauyi da kowace sabuntawa, ƙaramar itel ko tsohuwar Tecno kuwa tana nan yadda aka saye ta, har ta fara tsayawa. Saboda haka mutane ke kashe sabuntawar, ko su karɓi manhaja daga wayar aboki ta Xender, ko su koma GB WhatsApp, wadda ba kamfanin WhatsApp ne ya yi ta ba, kuma babu wanda ke da alhakin toshe ɓarakarta. A cikin irin wannan wayar ce manhajar banki take zaune.

Shagunan buga takardu da rajistar jarrabawa, irin waɗanda ke cin abinci da ɗaliban Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, suna da tasu matsalar. Microsoft ya daina bai wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta ga kowa daga 14 ga Oktoba, 2025, kuma tsofaffin kwamfutoci na hannu da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. A kansu ake shigar da lambar NIN, ranar haihuwa da hoton ɗalibi. Mai POS kuma ba a ma tambayarsa: kamfanin da ya ba shi na'urar ne ke turo gyara daga nesa, idan ya zo da matsala layin masu jira ne zai faɗa masa.

A ganina, ga mai waya ɗaya amsar ba ta da wuya. Hatsarin barin ɓaraka a buɗe ya fi hatsarin gyara mai kuskure yawa, musamman ga manhajar banki, WhatsApp da ita kanta Android. A bar waɗannan su sabunta, a kashe wa wasannin da sauran tarkace, idan data ce damuwar.

Ga hukuma mai riƙe da makomar miliyoyin mutane kuwa, batun ya wuce kunnawa ko kashewa. CrowdStrike ya tura wa kowa ba tare da ya gwada a kan kaɗan ba. A JAMB an tura wa wasu, ba a tabbatar ya isa ga sauran ba. A duka biyun abin da aka rasa ɗaya ne: wanda zai duba kafin a saki, ya sake dubawa bayan an saki, ya kuma sa hannu. Bayan abin ya faru ne CrowdStrike ya yi alƙawarin turawa kashi-kashi. JAMB kuwa ta amsa laifi ne bayan ɗalibai da iyaye sun cika kafafen sada zumunta da ƙorafi.

Nan ne maganar ta isa rumfar zaɓe. Ranar 25 ga Fabrairu, 2023, sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ya kasa hawa shafin IReV a kan lokaci, yayin da na 'yan majalisa ke hawa. INEC ta danganta lamarin da matsalar na'ura, wadda aka yi ta gyarawa ana tsaka da ranar zaɓe. Daga baya aka ɗage zaɓen gwamnoni daga 11 zuwa 18 ga Maris domin sake saita na'urorin BVAS. Kowace rumfa a Ƙaramar Hukumar Igabi tana dogara ne da na'urar da wani, a wani ofishi, zai iya sauya wa manhaja ba tare da wakilin jam'iyya ya gani ba. Ko da babu mugun nufi, rashin bayani kaɗai ya isa ya haifi zargi, kuma mun ga yadda zargin 2023 ya kai har Kotun Ƙoli.

Kafin 2027, jam'iyyu da ƙungiyoyin sa ido suna da damar neman INEC ta bayyana a rubuce ranar da za ta rufe duk wani sauyi a manhajar BVAS da IReV, wanda ke da ikon ba da izinin gyaran gaggawa, da kuma yadda za a tabbatar cewa na'urar da ke Rigachikun da wadda ke Owerri suna ɗauke da manhaja iri ɗaya. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon aika wannan tambayar, kuma ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa.