Sunan da Muke Kiran Wanda Ya Daina Shaye-shaye

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Matsalar shaye-shaye a ƙasar nan ta wuce a tsaya ana ɓoye-ɓoye. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da aka duba, kuma ɗaya daga cikin kowane huɗu mace ce. An sha yin rubutu a kan yadda ake faɗawa wannan hali. Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne yadda muke karɓar wanda ya fita daga cikinsa, musamman idan ya tsaya a bainar jama'a ya ba da labarinsa. A nawa ra'ayi, harshenmu bai yi wa irin wannan mutum adalci ba, kuma malami yana cikin masu ikon gyarawa.

Abin da Ƙirar Kalma ke Nunawa

Mu ɗauki kalmar “mashayi”. An gina ta da ɗafa-goshin ma- da ɗafa-ƙeyar -i, wato ƙirar da ta ba mu manomi da maƙeri da maɗinki. Wannan ƙira tana nuna sana'a ko ɗabi'ar da ta zaunu. Haka ma “ɗan ƙwaya”, wadda ta bi sawun ɗan kasuwa da ɗan Kano, inda “ɗan” ke nuna sana'ar mutum ko asalinsa. Ke nan, da zarar an kira yaro da ɗayan waɗannan sunaye, an mayar da abin da yake yi ya zama shi kansa.

To idan ya daina fa? Kalmar da ta fi saurin zuwa bakinmu ita ce “tubabbe”. Kalma ce mai daraja a addini, amma a maganar yau da kullum tana tafe da laifin a bayanta, kamar yadda ake cewa tubabben ɓarawo ko tubabben ɗan daba. Nahawu ya ba mu damar cewa “warkakke”, sai dai da wuya a ji an faɗa wa wanda ya bar ƙwaya haka. Dalili kuwa shi ne muna kallon abin a matsayin lalacewar tarbiyya zalla, alhali likitoci sun tabbatar cewa ƙwayoyi irin su kodin da tiramadol suna sauya aikin ƙwaƙwalwa, har jiki ya riƙa ciwo da rawa idan aka yanke su farat ɗaya. Mai wannan hali yana bukatar tuba, yana kuma bukatar magani.

Darasi daga Wasu Ƙasashe

A 1978, Betty Ford, matar tsohon shugaban Amurka Gerald Ford, ta bayyana wa duniya cewa ta kamu da shan giya da magungunan asibiti, ta kuma kwanta aka yi mata magani. A 1982 aka buɗe cibiyar kula da masu irin wannan larura da sunanta a jihar Kalifoniya. Mace mai wannan matsayi da ta ambaci ciwonta da bakinta ta rage wa dubban mutane nauyin zuwa asibiti.

Akwai wata larura mai kama da wannan ta fuskar ɓoyo da kunya, wato rikicewar ɗabi'ar cin abinci. A wani nau'inta, anoreksiya, mutum yakan ƙaurace wa abinci don tsoron ƙiba har ya zama ƙashi da rai. Ita ce ta yi sanadin mutuwar mawaƙiyar Amurka Karen Carpenter a 1983 tana da shekara 32. A wani nau'in, bulimiya, mutum yakan ci da yawa sannan ya tilasta wa kansa amai. Gimbiya Diana ta Ingila ta faɗa a wata hira da BBC a 1995 cewa ta yi shekaru tana fama da ita. Daga nan mutane da yawa suka san cewa abin da suke ɓoyewa a ɗaki cuta ce mai suna, mai magani.

Kada mu ɗauka wannan ta Turawa ce kawai. A wajenmu matsin yakan zo ta ɗaya ɓangaren: yarinyar da ake yi wa ba'a da “tsinke” ko “sillan kara” ita ce kan nemi ƙwayar da ake kira “sha ka fashe”. Wasu daga cikin irin waɗannan magunguna kumburi suke sawa, suna kuma iya jawo hawan jini da ciwon suga.

Batun Rufin Asiri

Wani zai ce, ai al'adarmu da addininmu sun hore mu da sutura, don haka wanda Allah Ya rufa wa asiri bai kamata ya tona kansa ba. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ban goyi bayan mai alfahari da saɓo ba, ko mai mayar da labarinsa hajar neman mabiya a kafafen sada zumunta. Ba a kuma tilasta wa kowa ya fito ya yi magana. Asirinsa nasa ne. Amma akwai bambanci tsakanin sutura da ɓoye cuta. A 2018, sai da BBC ta nuna wani shiri a kan yadda maganin tari mai kodin ya yi wa matasanmu illa, sannan gwamnatin tarayya ta hana sarrafa shi da shigo da shi, duk da cewa unguwanni sun daɗe da sanin abin da ke faruwa. A watan Satumba na 2019, 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa, wasu kuma iyayensu ne suka kai su don a raba su da ƙwaya. Uban da ke tsoron a ce ɗansa ɗan ƙwaya ne yakan zaɓi wurin da ba wanda zai gani a kan asibitin da za a gan shi. Saboda haka, idan wani ya yi ƙarfin halin cewa, “Na sha, na yi jinya, na daina,” ya buɗe wa irin wannan uba wata ƙofa. Ko da ya sake zamewa, abin da ya dace shi ne a mayar da shi ga likita, domin komowar ciwo sananniyar aba ce a wannan larura.

Kammalawa

Ku ɗalibai masu shirin riƙe alli, ku sani cewa aji yana cikin wuraren da ake raɗa wa yaro laƙabin da zai bi shi har tsufa, kuma wanda ya fito daga bakin malami ya fi kowane mannewa. Idan kun ga alamar shaye-shaye ga ɗalibi, ku keɓe shi ku yi magana, ku sanar da iyayensa da mai ba da shawara na makaranta, kada ku tsayar da shi a gaban taro. Ku ce “yana fama da matsalar ƙwaya”, domin mai fama yana iya samun sauƙi. Ku hana yi wa kowa ba'a da ƙiba ko rama. Idan kuma ɗalibi ya dawo daga jinya, ku kira shi da sunan da ubansa ya yanka masa rago. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.