Balewa Ba Yaron Turawa Ba Ne

A teburan masu shayi na Agege da Idi-Araba da Obalende, in hira ta gangaro kan Jamhuriya ta Farko, ba a rasa matashin da zai yanke hukunci nan take: Abubakar Tafawa Balewa mutumin kirki ne, bai tara abin duniya ba, amma a harkar ƙasashen waje yaron Turawa ne, Nkrumah na Gana shi ne namijin duniya. Maganar ta samo asali daga jaridun adawa na Ikko na wancan zamani, yau kuma ta tare a Facebook. Zalunci ce, kuma abubuwan da suka faru a wannan birni sun isa su ƙaryata ta.

Ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta tayar da bam ɗin nukiliyarta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya. Hankalin mutanen Afirka ta Yamma ya tashi, don kowa ya san daga hamada hunturu ke kwaso ƙura. Gana ta riƙe kadarorin Faransa da ke ƙasarta. Da shugaban Faransa de Gaulle ya yi kunnen uwar shegu ya tayar da na uku ranar 27 ga Disamba, gwamnatin Balewa ta ba jakadan Faransa, Raymond Offroy, awa 48 ya tattara ya bar Ikko, ta kuma hana jiragen ruwa da na saman Faransa shigowa. Ranar 5 ga Janairun 1961 ke nan, Nijeriya na da wata uku da samun 'yanci.

Bayan 'yan watanni aka ɗage takunkumin jiragen, masu suka kuma suka ce tsoro ne. Tsofaffin fataken goro na Agege, waɗanda layin dogon Ikko zuwa Kano ya ratsa ta unguwarsu, sun fi su sanin dalili. Nijar da Cadi ba su da teku. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta Kano take biyowa zuwa tashar Apapa, kayan da ake shigar musu da su ma ta nan suke hawa. Bulalar da aka ɗaga wa Faransa a bayan maƙwabta take sauka. Balewa ya buɗe musu hanya, amma ya bar ƙofar jakadanci a rufe har shekaru.

A Maris na 1961, a taron ƙasashe renon Ingila a Landan, Balewa yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata sai da Firayim Minista Verwoerd ya janye takardar ƙasarsa Afirka ta Kudu ta neman ci gaba da zama a ƙungiyar. Sojojin Nijeriya sun yi aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a Kwango daga 1960 zuwa 1964, har hafsansu Aguiyi-Ironsi ya shugabanci rundunar gaba ɗaya. Da sojojin Tanganyika suka yi bore a 1964, shugaban ƙasar, Nyerere, wanda ba a taɓa kira yaron kowa ba, bataliyar Nijeriya ya nema ta maye gurbin sojojin Ingila. Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka da aka kafa a Addis Ababa a Mayun 1963 ma, a kan tsarin taron Monrovia na 1961 da na Ikko na Janairun 1962 aka gina ta: kowace ƙasa da 'yancinta, ba a tsoma baki a cikin gidan wani. Gwamnati ɗaya tak ta Afirka da Nkrumah ya je da ita ba ta samu karɓuwa ba.

Hatta Sardauna bai iya juya shi a wannan fage ba. Ahmadu Bello ya ƙi jinin rancen Isra'ila, gwamnatin Arewa ta ce ba ta so, amma Firayim Minista ya bar hulɗar tarayya da Isra'ila yadda take.

Babbar hujjar masu suka ita ce yarjejeniyar tsaro da Ingila ta 1960, wadda ɗaliban Ibadan suka yi wa zanga-zanga har harabar majalisa a Ikko. Kuskure ce, ba shakka. Sai dai tun a taron tsarin mulki na 1958 a Landan shugabannin yankuna suka amince da ginshiƙinta, har da Awolowo da ya zo ya fi kowa sukarta. A Janairun 1962 kuma Balewa ya soke ta.

Amurka ta bi wannan hanya tana jaririyar ƙasa. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Ingila da Faransa a 1793, George Washington ya ce ƙasarsa ba ta bayan kowa, ko da yake Faransa ce ta taimaka musu suka ƙwaci 'yanci, kuma akwai alkawarin 1778 a tsakaninsu. A 1794 wakilinsa John Jay ya ƙulla yarjejeniya da Ingila, tsohuwar uwargijiyar tasu. Magoya bayan Jefferson suka ce an sayar da ƙasa, aka riƙa ƙona mutum-mutumin Jay a garuruwa. Washington ya san kuɗin gwamnatinsa daga harajin kwastan yake fitowa, mafi yawan cinikin kuwa da Ingila ake yi, ga shi ba shi da rundunar ruwa da zai yi faɗa da ita. A 1796 Ingila ta fice daga sansanonin da ta riƙe a yankin manyan tafkuna. Wa ke kiran Washington yaron Ingila a yau? Nijeriyar 1960 ma haka take: gyaɗarta da kokonta da manjanta kasuwar Turai suke zuwa, manyan hafsoshin sojanta Turawa ne, kwamandan askarawan ma Bature ne har 1965. Da wannan rauni Balewa ya kori jakadan de Gaulle.

A batun Rodeshiya ne hujjar masu suka ta fi ƙarfi. A Disamban 1965 Gana da Tanzaniya sun yanke hulɗa da Ingila saboda tawayen Ian Smith, jagoran Turawan Rodeshiya, Nijeriya ta ƙi. Balewa ya zaɓi ya kira taron ƙasashe renon Ingila a Ikko a Janairun 1966, karo na farko a wajen Landan, ya sa Firayim Ministan Ingila Harold Wilson ya zo ya amsa tambayoyi a ƙasar baƙar fata. Taron bai kayar da Smith ba. Yanke hulɗar ma ba ta kayar da shi ba, sai da aka kai 1980 ƙasar ta samu 'yanci da sunan Zimbabwe.

Mai neman laifin Balewa ya neme shi a cikin gida. Akwai rigimar ƙidayar 1962 da 1963, akwai rikicin ƙasar Tibi, akwai zaɓen Yankin Yamma na Oktoban 1965 da ƙone-ƙonen da suka biyo baya. Agege da Mushin a lokacin ƙarƙashin Yankin Yamma suke, wato wutar tana ci a bakin ƙofar babban birni, Firayim Minista kuma ya ƙi kafa dokar ta-ɓaci irin wadda ya kafa a 1962. Yana karɓar baƙin duniya a otel ɗin Federal Palace, hanyar Ibadan ba ta biyuwa cikin kwanciyar hankali. Kwana uku bayan tashin taron, ranar 15 ga Janairu, sojoji suka ɗauke shi daga gidansa.