Makaɗin da Aka Bari a Bayan Gilashi

A cikin kundayen kammala karatu da ɗaliban Hausa suke rubutawa a kan mawaƙan zamani akwai wani layi da ba ya sauyawa. Bayan ɗalibi ya cika shafuka da tarihin mawaƙi, da garinsu, da makarantar allon da ya yi, da yawan iyalinsa, sai ya zo wurin bayanin kiɗa ya rubuta kalma ɗaya tak: fiyano. Daga nan sai ya tsallaka zuwa turke. Babu sunan wanda ya kaɗa fiyanon, babu sunan situdiyon da aka ɗauki waƙar, babu bayanin wanda ya tsara amshi ko ya yanke shawarar inda kiɗa zai tsaya murya ta fito ita kaɗai. Malami ya duba ya sa hannu, mai jarrabawa na waje ma ya sa hannu, kundi ya shiga ɗakin karatu da rabin waƙar a waje.

Wannan sakaci ne, kuma harshen Hausa da kansa ya ƙaryata shi tun kafin a kafa sashen Hausa a kowace jami'a. Bahaushe bai raba mawaƙinsa da abin kiɗansa ba. Cewa yake yi Makaɗa Musa Ɗanƙwairo, ya kuma san Narambaɗa da kotso, Salihu Jankiɗi da taushi, Mamman Shata da kalangu, Ɗanmaraya Jos da kuntigi, Haruna Uji da gurmi, Barmani Coge da ƙwarya. Rabe-raben da ake koyarwa a aji ma da sunan kiɗa suke tafiya: makaɗan fada, makaɗan sana'a, makaɗan maza, makaɗan jama'a. Hanyar nazarin waƙar baka da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa a Jami'ar Bayero, wadda kusan kowane ɗalibi yake ɗauka ya ɗora waƙa a kanta, ta tanadi wuri domin salsalar waƙa da kayan kiɗanta da amshi da karin murya. Ma'auni bai gaza ba. Masu awon ne suke ɗaga hannu idan suka iso kan kiɗan zamani, kamar wanda ya ga tukunya a kan wuta ya ce ita ta dafa kanta.

Hujjar da aka fi jin masu wannan ra'ayi suna kafawa ita ce wai kwamfuta ce take kiɗan, don haka babu fasahar ɗan Adam da za a nazarta. Wanda ya taɓa zama a situdiyo na awa biyu ba zai sake faɗin haka ba. Mawaƙi yakan zo da baitoci a takarda ko a ka, da ɗan kari da yake rerawa da baki. Makaɗin situdiyo ne yake sauraro ya gano saurin da ya dace da shi, ya zaɓi gangar da za ta riƙe waƙar, ya shimfiɗa kiɗan ƙasa, ya ɗora sarewa ko algaita ko wani sauti da ya ciro daga cikin fiyanon, sannan ya ce wa mawaƙi wannan layin ya yi tsawo, a rage gaɓa biyu, ko kuma wannan ɗan ya fi dacewa ya zama gindin waƙa. Shi yake ɗaukar murya sau biyar ko goma ya zaɓi mafi kyau, ya jera amshi a bayan jagora, wani lokaci ma da muryar mawaƙin kansa aka ninka. Aikin da a da ake raba shi tsakanin mai kalangu da 'yan amshi da sanƙira ya taru a hannun mutum ɗaya da yake zaune a bayan gilashi. FL Studio ko Cubase ba su fi alƙalami ba a wannan wuri, kuma ba a taɓa jin wanda ya ce alƙalami ne ya rubuta waƙoƙin Aƙilu Aliyu ba.

Ga ɗalibin harshe kuwa, a nan ne ma maganar take da nauyi. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali. Garin da ake zama a cikinsa da garin da ake tuƙa tuwo da shi tsawon wasalin farko ne kawai ya raba su. Fito na umurni da fiton da ake yi da baki da fiton da mai kwalekwale yake yi a bakin kogi, rubutunsu ɗaya ne, furucinsu uku. To idan aka ɗora baiti a kan kiɗa, dole gaɓa mai nauyi ta faɗa inda bugu yake ba ta wuri, marar nauyi kuma ta wuce da sauri. Makaɗin da ya san harshen yakan ji lokacin da kari ya ja wasali gajere har ma'ana ta karkace, sai ya sa a sake. Wanda bai sani ba, ko bai damu ba, yakan bar na'urar gyaran murya ta daidaita komai har hawa da saukar kalma su baje, a fito da waƙar da Bahaushe zai saurara sau uku kafin ya gane abin da ake cewa. Duka biyun abin nazari ne. Ɗalibin da ya kwafe kalmomin waƙa a takarda ya ƙirga gaɓoɓinta ba tare da ya koma ga kiɗan ba, awon da ya fitar na takardarsa ne, waƙar tana can inda ya bar ta.

Tarihin sana'ar a Kano bai yi nisan da za a ce ya ɓace ba. Fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ya fito a 1990, kuma a cikin shekaru goman da suka biyo baya ne fiyanon Yamaha ya zama ginshiƙin waƙar fim, situdiyon Iyan-Tama yana cikin wuraren da samari da yawa suka koyi hannu. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa a kan yadda wannan na'ura ta sauya sautin waƙar Hausa, musamman daga lokacin fim ɗin Sangaya. Adam A. Zango, wanda yau aka fi sani da fitowa a fim, da kiɗan situdiyo ya fara. A cikin wannan zuriya ne Nazir Ahmad Hausawa, wanda ake kira Ziriums, ya taso a Kano, kuma rayuwarsa ta sana'a ta isa misali ga duk abin da ake faɗa a nan.

Ziriums makaɗin situdiyo ne, marubucin waƙa ne, kuma mawaƙin hip-hop ne. Ya yi aiki a situdiyon Golden Goose a Kano, ya kuma yi tafiya da abokansa a ƙarƙashin sunan Intersection. Zamanin tashensa ya zo daidai da lokacin da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta tsaurara matakai bayan an naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugabanta a 2007. A wannan shekara aka ɗaure Adam Zango saboda kundin waƙoƙinsa na bidiyo mai suna Bahaushiya, a ƙarshen 2008 aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama, a 2009 kuma kotun tafi-da-gidanka ta haramta waƙoƙi 11, a cikinsu har da Girgiza Kai ta Ziriums da Hasbunallahu ta Aminu Ala da abokansa. Ziriums ya bar Kano ya koma Abuja, a 2010 ya fitar da kundinsa This Is Me, wanda ya gauraya Hausa da Ingilishi, aka kuma sa shi kasuwa ta intanet. Wannan ɓangare na labarinsa an rubuta shi, domin akwai rikici a ciki, 'yan jarida kuwa suna son rikici. Amma ɗalibin da zai tashi yau ya nemi jerin waƙoƙin wasu mawaƙa da suka bi ta hannunsa a situdiyo, waɗanda ya kaɗa musu ko ya gyara musu baiti, zai sha wuya kafin ya haɗa shafi guda. Abin takaici shi ne hukumar da ta takura wa masu sana'ar ta fi manazarta sanin inda waƙa take fitowa, tun da ita ta nemi situdiyo su yi rajista kamar yadda ta nemi mawaƙa su yi.

Akwai hujja ta biyu, wadda ta fi ta farko ƙarfi, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Ana cewa kiɗan situdiyo aro ne, rabi daga Indiya, rabi daga Amurka, saboda haka ba adabin Hausa ba ne. Gaskiya ne an kwashi karin waƙoƙin Indiya an zuba musu Hausa ba kunya ba tsoro, kuma gaskiya ne akwai makaɗan da suke sayar wa mawaƙa goma kiɗa ɗaya da ɗan sauyi. Sai dai aron kari ba a situdiyo aka fara shi ba. Manazarta sun daɗe da nuna cewa Aliyu Namangi ya ɗauki karin Caji, waƙar da samari da 'yan mata suke yayi a zamaninsa, ya gina Imfiraji a kansa, ya mai da kiɗan dandali abin wa'azi. Kafin shi malaman ƙarni na 19 sun aro ma'aunan Larabci sun saƙa waƙoƙin Hausa da su. Ba wanda ya fitar da waɗannan daga manhaja. An zauna ne an tantance abin da aka aro da abin da aka ƙara. Haka ya kamata a yi wa kiɗan zamani, kuma ba za a iya rarrabe makaɗi mai ƙirƙira da mai kwafe ba matuƙar dukansu biyu sunansu a kundi fiyano.

Shi hip-hop ɗin da ake zargi da shi, tun asalinsa mai haɗa sauti ne a gaba. A unguwar Bronx ta birnin New York, a 1973, DJ Kool Herc ne ya fara maimaita wurin da ganga take fitowa ita kaɗai a faifai, masu magana a kan kiɗan suka biyo baya. Shi ya sa a can ba a tarihin wannan kiɗa ba tare da Dr. Dre ko Timbaland ba, kamar yadda ba a maganar kundin Thriller na 1982 a manta da Quincy Jones. A Legas ma Don Jazzy ya kai ga sunansa yana sayar da waƙa kamar na mawaƙin, tun zamanin Mo'Hits har zuwa Mavin da ya kafa a 2012.

Wanda yake son ya ga abin da rashin suna yake jawowa, ya dubi Kamaru. Manu Dibango ya fitar da Soul Makossa a 1972, shekara goma bayan haka wani yanki nata ya bayyana a cikin waƙar Michael Jackson, sai da aka kai ga shari'a kafin a sasanta, sannan maganar ta sake tasowa a 2009 saboda waƙar Rihanna. Zangalewa ta ƙungiyar Golden Sounds, wadda ta fito a 1986, ita ce ta koma Waka Waka ta gasar cin kofin duniya a 2010. A duka biyun abin da ya ba masu waƙar bakin magana shi ne akwai faifai, akwai suna, akwai shekara. Makaɗin situdiyo na ƙasar Hausa yawanci ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun a rubuce. Ana biyansa kuɗin zama sau ɗaya, mawaƙi ya karɓi waƙarsa a waya ya tafi, shi ke nan. Nijeriya ta sabunta dokar haƙƙin mallaka, aka sa mata hannu a 2023, amma doka ba ta kare abin da ba a san na wane ne ba.

Waƙar kuwa tafiya take yi fiye da mai ita. A Yagwa, can gaɓar kogin Logon daura da Bongor ta Chadi, garin shinkafa ne na Masa da Tupuri da Musgum, inda Fulatanci da Faransanci suka fi Hausa yawo a kasuwa, duk da haka waƙar da aka haɗa a Kano takan iso ta hannun fatake da direbobi da masu tura waƙa a waya, ta biyo ta Garwa ko Marwa. Kafin ta iso an tura ta daga waya zuwa waya sau ba adadi, sunan fayil ya sauya, wani lokaci ko sunan mawaƙin ya goge. Saurayin da Hausa ba harshen gidansu ba ce, abin da ya fara kama shi shi ne kiɗan, kalmomi daga baya yake tsintarsu ɗaya bayan ɗaya. Ashe mutumin da kundin jami'a ya ƙi ambata shi ne yake riƙe wa harshen ƙofa a wuraren da littafin nahawu bai taɓa zuwa ba. Wasu makaɗan sun gane haka, shi ya sa suke sa a kira sunansu ko sunan situdiyonsu a farkon waƙa, ko mawaƙi ya jefa shi a ɗan ƙarshe. Ɗalibai da yawa idan suna juyar waƙa zuwa rubutu sukan tsallake wannan wuri, a ganinsu ba ya cikin waƙar, alhali shi kaɗai ne shaidar da ta rage.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar manhaja ko taron ƙasa. Malamin da yake duba kundi a kan Nura M. Inuwa ko Umar M. Shareef ko Ali Jita ko Fati Nijar ya ƙi karɓar babin salsala har sai an kawo sunan makaɗin kowace waƙa da situdiyonta da shekararta. Ɗalibin da ya yi tattaki ya yi hira da mawaƙi ya ƙara kwana ɗaya ya nemi wanda ya kaɗa, ya tambaye shi da wace na'ura ya yi aiki, wane sauti ya aro kuma daga ina, wane layi aka sauya a gabansa kuma saboda me. Galibin waɗanda suka kaɗa waƙoƙin fim na farkon shekarun 2000 suna nan da ransu a Kano da Jos da Kaduna, wasu sun bar sana'ar, kwamfutocin da suka yi aiki da su kuma tuni suka mutu da abin da yake cikinsu.