Raddi ga Mai Cewa Injiniya Ya Kwashi Iyalinsa Ya Bi Albashi

Wani ɗan'uwa injiniya, wanda nake ganin girmansa, ya rubuta maƙala yana kira ga duk abokin sana'arsa da ya samu tayin aiki a ƙasar waje da ya sa hannu nan take, ya zuba mata da 'ya'ya a jirgi ɗaya, kada ya waiwayo. Maƙalar ta shiga ran matasa, har na ji ana kafa hujja da ita a majalisa. Ni ba na cikin masu cewa fita neman halal cin amanar ƙasa ne. Saɓanina da shi a wuri guda yake: ya haɗa tafiyar injiniya da ɗaukar iyali ya mai da su shawara ɗaya, alhali shawara biyu ce, kowace da lissafinta da lokacinta.

Hujjarsa ta farko albashi ce. Ya ɗauki abin da ake biya can ya juya shi zuwa naira, adadin ya fito mai ruɗar ido. Ban musa masa halin da ake ciki ba. Kafin Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen wannan shekarar. Amma Malam, ribar canji tana samuwa ne idan an samo kuɗin can an kashe shi nan. Ranar da iyali suka sauka a Damam ko Manchesta, cefanensu da hayarsu da kuɗin makarantarsu sun koma riyal ko fam, wannan ninkin da ka lissafa kuwa ya tafi. Hujjar da ka kawo don a kwashi iyali, idan aka bi ta a tsanake, hujja ce ta a bar su gida.

Bari mu sa alƙalami. Saudiyya ba ta cire harajin albashi, gaskiya ne. Sai dai tun Yulin 2017 ta ɗora kuɗi a kan kowane mutum da baƙon ma'aikaci ya zaunar a ƙarƙashin iƙamarsa, daga riyal 100 a wata har ya kai riyal 400 a 2020. Mai mata ɗaya da yara huɗu zai biya riyal 24,000 a shekara, kafin haya, kafin harajin saye na kashi 15 cikin ɗari, kafin makarantar kuɗi, wadda 'ya'yan baƙi da yawa ke shiga. A Ingila makarantar gwamnati kyauta ce ga yaran, wannan na ba shi. Amma akwai kuɗin lafiya da ake karɓa tare da biza: tun Fabrairun 2024 fam 1,035 ne a shekara ga babba, fam 776 ga yaro. Miji da mata da yara uku a bizar shekara uku, fam 13,194 ke nan, kuma gaba ɗaya ake biya kafin a taka jirgi. Kuɗin bizar kanta daban, harajin albashi daban. Wani kamfanin yana ɗauke wa ma'aikaci wannan nauyin, wani ba ya ɗauka. Maƙalar ɗan'uwana ko sau ɗaya ba ta ce a duba kwantiragi a ga wanne ne ba.

Ya ce can akwai wuta da ruwa da asibiti da tsaro, ran mutum a kwance. Wanda ya kwana yana jin ƙarar janareta, ko ya bi hanyar Birnin Gwari gabansa na faɗuwa, ba zai raina wannan magana ba. Tambayata ita ce, a kan me wannan kwanciyar hankali ta tsaya? A kan takarda ɗaya, wadda ke hannun mai ba da aiki. A Ingila idan kamfanin da ya ɗauki nauyin bizarka ya sallame ka, yawanci kwana 60 ake ba ka ka samo wani ko ka fita, kai da duk wanda ke ƙarƙashinka. Haka wa'adin yake a Amurka ga masu bizar H-1B. A Saudiyya lokacin gwajin sabon ma'aikaci yana iya kaiwa kwana 180, ga kuma tsarin fifita 'yan ƙasa, wanda a 2024 ya wajabta wa kamfanoni masu injiniyoyi biyar zuwa sama su ware kashi 25 cikin ɗari na guraben ga Saudawa. Dokar ma ba ta zama wuri ɗaya. Mafi ƙarancin albashin da Ingila ke nema don bizar ƙwararru ya tashi daga fam 26,200 zuwa 38,700 a Afrilun 2024, ya sake hawa 41,700 a Yulin 2025. Mutum ɗaya da aka sallama zai iya raɓawa ɗakin aboki yana neman aiki. Mutum shida da suka sayar da gida da mota suka cire yara daga makaranta, ina za su raɓa?

Batun da ya kawo cewa takardar injiniya tana ci ko'ina ba ya buƙatar doguwar amsa. Rajistar majalisar injiniyoyi ta COREN ta Najeriya ce kawai. A Kanada ba a yarda ka yi aiki da sunan cikakken injiniya ba sai hukumar lardin da kake ta ba ka lasisi, a Saudiyya kuma dole ka yi rajista da majalisar injiniyoyinsu. Ana samu, amma da lokaci da kuɗi, kuma ya fi sauƙi ga wanda ba a jiransa da kuɗin madara.

Inda ya fi ba ni mamaki shi ne da ya jawo tarihi. Ya ce Bahaushe ɗan fatauci ne tun fil azal, kakanninmu sun je Gwanja sun kafa zango, don me za mu ji tsoro? To ai tarihin nan ni yake goya wa baya. Fataken da ke ɗaukar kanwa da tufafi daga Kano su nufi Salaga ta ƙasar Gwanja su dawo da goro, ayari suke bi ƙarƙashin madugu, su yi watanni a hanya, gidajensu kuwa suna nan inda suka bar su. Wanda ya zauna can, sai da ya yi zuwa da dawowa, ya san mai masauki, ya san kasuwa da sarautar gari, sannan ya kafa gida. Su ma waɗanda suka kafa ɗin, mu tambayi abin da ya same su a Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Busiya a Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar. Cikin waɗanda suka taso har da waɗanda aka haifa a can, ba su san wata ƙasa ba. Mu ma a 1983 mun yi wa baƙinmu irin haka, don haka ba zagin kowa nake ba. A Afrilun 2023 kuma mun ga yadda aka kwaso ɗalibanmu daga Khartum a motoci zuwa iyakar Masar. Mai iya ruwa ma yakan fara sa ƙafa ɗaya ya ji zurfi kafin ya ɗauki yaro a kafaɗa.

Sai hujjarsa mafi ƙarfi, wadda ba zan yi mata riƙon wasa ba: raba miji da mata cutarwa ce, kuma ƙofar fitina ce. Haka ne. An ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya iyakance watannin da mayaƙi zai yi nesa da matarsa, kuma duk mun san gidajen da ci-rani marar wa'adi ya rusa. Amma abin da wannan ya hana shi ne rabuwar da ba ta da ranar ƙarewa. Injiniyan da ya tafi shi kaɗai ya wuce lokacin gwaji, da tikitin hutu a rubuce cikin kwantiraginsa, da ranar da aka yi alkawarin za a zauna a yanke shawara, bai shiga wannan zargi ba. Jidda zuwa Kano tafiyar 'yan sa'o'i ce.

Tunda kuma an buɗe babin haƙƙi, to a karanta shi duka. A maƙalar ɗan'uwana uwargida ba ta yi magana ko sau ɗaya ba, kaya ce ake ɗauka. Idan malamar makaranta ce ko ma'aikaciyar jinya, ko tana da sana'arta da adashinta da 'yan'uwan da ke kewaye da ita ranar haihuwa, duk wannan za ta ajiye. A Saudiyya iƙamar zama ƙarƙashin miji ba ita kaɗai ke ba ta izinin aiki ba. Mai mata biyu ya sani cewa dokar shige da fice ta Ingila mace ɗaya ta sani, to wacce za a bari, kuma ina adalci? Yaron da aka haifa a Saudiyya ba ya zama ɗan ƙasa don an haife shi can, a Ingila ma sai idan ɗaya daga iyayensa ɗan ƙasa ne ko yana da izinin zama na dindindin. Ga tsofaffi. A Bukhari da Muslim akwai labarin mutumin da ya nemi izinin fita jihadi, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya mai da shi ga hidimar iyayensa. Kuɗin da ake turowa yana sayen magani, ba ya kai Hajiya asibiti da tsakar dare. Kwashe jikoki daga gabanta abu ne da ake neman yardarta a kai, ba sanarwa ake yi mata ba.

Akwai wanda ɗaukar iyali tun farko ya dace da shi: wanda ya samu izinin zama na dindindin tun daga gida, kamar yadda Kanada ke bayarwa, ko wanda kamfani ya rubuta masa gida da makaranta da inshorar lafiya da tikitin kowa, matarsa ta yarda da zuciya ɗaya, iyayensa suna da mai kula da su. Wannan ya tafi, Allah ya sa albarka. Kuskuren ɗan'uwana shi ne ya ɗauki halin wannan mutum ya yi wa kowa fatawa da shi.

Kai kuma injiniya da takardar tayi ke hannunka yanzu, kafin ka sa hannu ka nemi a rubuta maka amsar abu huɗu: wa zai biya kuɗin iyali, nawa ne wa'adin gwaji, kwana nawa ne sanarwar sallama, kuma wa zai sayi tikitin dawowa. Ka zauna da maiɗakinka da iyayenka, ka yi istihara. Idan ka tafi, kada ka sayar da gida, kada ka cire yara daga makaranta, sai ka ci albashin wata shida ka ga abin da ke saura a hannunka.