Wa Zai Rubuta Harajinka Na Baɗi?



Kowace shekara ministan kuɗi yakan tsaya gaban majalisar dokoki a Akra ya karanta kasafin kuɗi, yawancinmu kuma ba ma saurare, don Turanci ne mai tsawo. Amma cikin wannan takarda ake yanke nawa za a cire a albashin ɗanka, nawa za ka ƙara a kan sabulu da siminti, nawa za a yanka in ka tura wa gyatuma kuɗin cefane ta MoMo. 2024 shekarar zaɓe ce, saboda haka cikakken kasafin 2025 gwamnatin da aka zaɓa ranar 7 ga Disamba ce ta rubuta shi. Kafin ka miƙa wa wani alƙalamin, duba abin da masu giwa suka rubuta da shi cikin shekara takwas.

A 2016 sun ce za su kawar da ƙasa daga dogaro da haraji zuwa samar da kaya. A 2021 suka kawo harajin korona, kashi 1 cikin ɗari a kan kaya. Mu mutanen iyaka mun san korona fiye da kowa, don an rufe mana iyakokin ƙasa daga Maris 2020 har Maris 2022, shekara biyu cur babu fatauci sai ta ɓarauniyar hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓaci ta cutar tun Mayu 2023. Cuta ta tafi, amma a 2024 harajinta yana nan daram. A Mayu 2022 aka soma E-levy da kashi 1.5, bayan 'yan majalisarmu sun yi ta ja har aka ba hammata iska a zauren majalisa. A 2024 kashi 1 ne. A Janairu 2023 aka ɗaga VAT daga 12.5 zuwa 15. Dattawanmu suna tune da zanga-zangar Kume Preko ta 1995, wadda aka yi don ƙin VAT, kuma Nana Akufo-Addo yana cikin jagororinta. A farkon 2024 aka sa harajin hayaƙi, sidi 75 a shekara a kan babur da keke mai ƙafa uku, abin hawan talakan arewa. Har wutar lantarkin gida suka nufa da VAT, sai da ƙungiyar ƙwadago ta TUC ta ce za ta fito titi sannan suka janye. A 2024 akwai kuma na caca, kashi 10. Wannan bai dame mu ba, mu dama caca ba tamu ba ce.

To, ga wanda ba a ganinsa sosai, harajin albashi. A 2024 sidi 490 na farko a wata ba a taɓa su. Sidi 110 da ke biye kashi 5, sai 130 kashi 10. Da zarar ka wuce 730, duk abin da ya hau kai ana cire masa kashi 17.5, har ka doshi sidi 3,900. Malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibiti da ya rage wa sidi 2,000 bayan an cire SSNIT, harajinsa na wata sidi 240 ne da ɗoriya. Ka lura da 490 ɗin nan: mafi ƙarancin ladan yini na 2024 ne, sidi 18.15, sau kwana 27. Wato gwamnati ta yafe wa wanda ke kan mafi ƙanƙantar lada ne kawai. A Disamba 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54.1. Ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati na 2023 kashi 30 ne, bai kamo kasuwa ba, kuma ƙarin nan a matakin 17.5 ko sama da shi ya faɗa. Ma'aikaci ya ƙara talaucewa, harajinsa ya ƙaru, a rediyo kuma ana cewa an yi masa ƙari.

Mai sayo albasa, tumatir ko dabbobi daga ƙetare da sefa ba ya bukatar a yi masa bayani. Lokacin da suka karɓi mulki a 2017 dala ɗaya ba ta kai sidi 5 ba. A 2024 ta kai wajen 16. Je ka Sinkase da sidinka ka ga abin da mai canji zai miƙo maka.

Yanzu bashin karatu. Asusun SLTF yana ba ɗalibin jami'a rance, kuma tun 2022 ba a neman mai tsaya masa, Ghana Card ta isa. Wannan mun yarda sauƙi ne, ba mu musa ba. Amma sauƙin shiga ne, fita fa? Daga 2017 zuwa 2024 rancen ya tsaya tsakanin sidi 1,500 da 3,000 a shekara, ya yi shekaru bai motsa ba, alhali kuɗin ɗakin kwana da abinci sun ninka. Shi kuwa ruwan bai tsaya ba: a 2024 yana kaiwa kashi 12 a shekara, ruwa a kan ruwa, tun yaro yana aji. Yi lissafi da ni. Wanda ya karɓi 3,000 kowace shekara har shekara huɗu ya ci 12,000. Ana ba shi shekara biyu kafin ya soma biya, ɗaya ta hidimar ƙasa, ɗaya ta neman aiki. Ranar da zai soma biyan, bashin ya doshi 20,000. Ban shiga hukuncin riba ba, wannan na malamai ne, sun fi ni sani. Amma na san gidaje a unguwarmu da suka hana yaro karɓar rancen saboda ita, ya zauna a gida da sakamako mai kyau.

Kuma da me zai biya? A 2024 alawus ɗin hidimar ƙasa sidi 715 ne da 'yan kwabbai, shi ma sai an yi watanni ana jira. Kasafin 2023 ya dakatar da ɗaukar sababbin ma'aikatan gwamnati, daidai lokacin da ake roƙon IMF dala biliyan 3, wurin da suka sha cewa ba za su je ba. Wanda Allah ya ba aiki, doka ta wajabta wa mai aikin ya cire bashin daga albashinsa. SSNIT kashi 5.5 ya fita, haraji ya fita, bashin karatu ya fita. Abin da ya rage ya shiga kasuwa VAT ya ci, a 2024 kuwa in ya tura gida E-levy ya ci. Wanda bai sami aiki ba, ruwa yana ta hawa kansa yana zaune a rumfar mai shayi.

Za su ce muku sun kawo sakandare kyauta. Gaskiya ne, kuma John Dramani Mahama ya faɗa a fili ba zai soke ta ba, gyara ta zai yi. Tambayarmu ita ce, yaron da ya gama sakandaren kyauta ina za shi, in ƙofar jami'a sai da bashi?

Za su kuma ce Dakta Bawumia ɗan'uwanmu Musulmi ne, ɗan arewa. Muna girmama shi a kan haka, kuma ba addininsa muke tuhuma ba. Amma shi ne mataimakin shugaban ƙasa shekara takwas, shi ne aka ɗora a kan tawagar kula da tattalin arziki. A 2020 da bakinsa ya ce bai kamata a sa wa MoMo haraji ba, don talakawa ne ke amfani da shi. Bayan shekara biyu gwamnatinsa ta sa. A 2024 ya ce in an zaɓe shi zai soke. In ya san cuta ce, me ya hana a soke ta a lokacin, tunda su ke riƙe da mulki a sa'ilin? A lokacin, wakilin MoMo ba ya tambayar addininka kafin a yanki kuɗin.

Ga abin da NDC ta rubuta a kundin manufofinta da ta ƙaddamar a Winneba cikin Agusta 2024: soke E-levy, harajin korona, harajin hayaƙi da na caca a farkon mulkinta, ɗauke kuɗin karatu na shekarar farko ga duk wanda ya shiga babbar makarantar gwamnati, don kada yaro ya fara da bashi, da faɗaɗa rancen ga waɗanda ke ci gaba da karatu. Alkawari ne, kuma kun sha jin alkawari.  

An yi zaɓen ranar Asabar, 7 ga Disamba 2024, daga ƙarfe 7 na safe zuwa 5 na yamma.  A takardar shugaban ƙasa ta zaɓen 2024 Mahama ne lamba 8, alamar lema.