Tiyar hatsi ta kwana biyu, kujera ta shekara biyar

Me ya sa talaka ke jefa ƙuri'arsa ga wanda ba zai gina masa rijiya ba, ba zai kawo magani gidan likita ba?

Tun zaɓen 1993, wanda ya biyo bayan babban taron ƙasa na 1991, mun ga yadda abin ya riƙa gudana a ƙauyukanmu. Ɗan takara ya zo ya raba atamfa, sabulu, sukari da jika ɗai-ɗai. Maigida ya faɗi wanda iyalinsa za su zaɓa. Wani ya bi ɗan garinsu, wani ya bi attajirin da ke ba shi bashin hatsi da damina.

Wasu na cewa jahilci ne. Mu da ke zagaya azuzuwan yaƙi da jahilci ba mu yarda ba. Wanda rumbunsa ya ƙare, tiyar da ke hannu ta fi masa alkawarin rijiya. Wanda ake bi bashi kuma tsoro yake ji kada a rufe masa ƙofa baɗi. Lissafi ne, amma gajere.

Ga misali. A 2006 gwamnati ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Amma kuɗin da ya kamata ta mayar wa gidajen likita sun yi ta jinkiri, magani ya yanke a wurare da yawa, uwaye suka koma saye. A lokacin, dipitocin da muka zaɓa su ke amincewa da kasafin kuɗin ƙasa. Mu nawa muka tambaye su wannan magana da suka dawo neman ƙuri'a? Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Tun da sojoji suka karɓi mulki a 2023 aka dakatar da zaɓen siyasa, amma muna zaɓen shugabannin bankin cimaka, kwamitin lafiya da ƙungiyar manoma. Nan za mu fara gyara hali. Mu zaɓi mai amana ko ba danginmu ba ne. Mu sa a karanta littafin kuɗi gaban kowa. Mata su faɗi ra'ayinsu, don su ke goya yaro zuwa likita. In bankin cimaka ya tsaya da ƙafarsa, ba mai sayen ƙuri'armu da tiya ɗaya.

Allah ya ba mu damina mai albarka.