Ubangidan Goro da Ubangidan Kwamfuta: Me Ke Sa Ma'aikaci Ya Riƙi Aiki da Zuciya Ɗaya?

Koken da muke yawan ji daga masu kamfanonin fasahar sadarwa a Kumasi ɗaya ne: yaran yanzu ba sa zama. A ɗauki matashi, a koya masa aiki, da hannunsa ya faɗa sai ya ajiye takarda ya nufi Accra, ko ya koma ɗakinsa yana yi wa wani kamfanin Turai aiki ta intanet. Wanda ya zauna kuma, gangar jikinsa ce kawai a ofis. Maganar ta shafe mu, domin 'ya'yanmu na Sofoline, Aboabo da Asawase sun shiga wannan fage, wasu daga jami'ar KNUST, wasu daga wuraren koyo irin su Kumasi Hive, wasu kuma daga rumfunan gyaran waya na Adum.

Mu a ganinmu, kakanninmu sun daɗe da sanin amsar. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake sun watsu, kuma sannu a hankali Kumasi ta zama babbar cibiyar goro da shanu. Kasuwancin nan bisa amana ya tsaya. Mai gida yakan sauke baƙo, ya ajiye masa dukiya, ya tsaya masa a kan bashi, ba takarda ba lauya. A ƙarƙashinsa akwai yaran gida da ake aika da dukiya mai yawa zuwa garuruwa masu nisa, su je su dawo ba a nemi ko sisi an rasa ba. Tsoron Allah yana ciki, haka ma tsoron zubewar mutunci. Amma akwai wani abu na uku: yaro ya san inda hidimarsa za ta ƙare. Ya san ubangida zai yi masa aure, ya gabatar da shi ga abokan ciniki, kuma wata rana ya sallame shi da jari. Yana kula da dukiyar ne domin yana hango rabonsa a cikinta.

Me kamfanin yau yake nuna wa ma'aikacinsa? Kujera mai taushi, riga mai tambarin kamfani, da jawabin cewa duk dangi ɗaya ne. Matasan Ghana sun ga inda irin wannan dangantaka ke ƙarewa. A 2021 kamfanin Twitter ya sanar da cewa Ghana ce za ta zama mazauninsa a Afirka, aka yi ta murna. A watan Nuwamba na 2022, kwanaki kaɗan bayan buɗe ofishin Accra, aka sallami kusan dukkan ma'aikatan, kuma sai da suka shafe fiye da shekara suna neman haƙƙinsu. Duk mai rubuta manhaja a ƙasar nan ya ɗauki darasi daga wannan, kuma ba darasin biyayya ba ne.

Ga kuma batun kuɗi, wanda masu kamfani ba sa son a taɓo. A ƙarshen 2022 hauhawar farashi a Ghana ta haura kashi 50 cikin ɗari. Albashin da aka yanka a farkon shekarar bai iya riƙe gida a ƙarshenta ba. Ƙaramin kamfani a Kumasi ba zai iya gogayya da mai biya da dala ba, wannan gaskiya ne. Amma yana iya biya a kan lokaci, yana iya zuba wa ma'aikaci kuɗin fanshonsa na SSNIT kamar yadda doka ta tanada, yana kuma iya faɗa masa gaskiyar halin da asusu yake ciki. Mutum yakan jure ƙaramin albashi. Da wuya ya jure rainin hankali.

Aikin kwamfuta ya fi sauran ayyuka buƙatar zuciyar mai yin sa, domin ba a tsare shi da ido. Tela za ka ga ɗinkinsa, magini za ka ga bangonsa. Mai rubuta manhaja kuwa yana iya wuni gaban allo yana aikin da zai rushe bayan wata uku, ba wanda ya lura. Wanda ya damu ne kaɗai zai koma ya gyara kuskuren da babu mai ganinsa. Kuma mutum ya fi damuwa idan ya san wanda aikinsa zai amfana. Kamfanin Farmerline, wanda ya tashi a nan Kumasi a 2013, ya yi suna ne wajen isar wa manoma saƙonnin murya cikin harsunansu. Matashin da ya san cewa manomi a ƙauye zai ji saƙon da ya tsara, ba zai yi aikin da wasa ba. Haka wanda ke ganin mahaifiyarsa tana karɓar kuɗin koko da ƙosai ta wayar hannu ya san abin da kuskure ɗaya a tsarin biya ke jawowa.

Ga ɗan Zango akwai ƙarin abu. Juma'a ranar aiki ce a ƙasar nan. Manajan da ya saka taro da ƙarfe ɗaya na rana a ranar, ko ya ɗaure fuska don ma'aikaciya ta zo da hijabi, ko ya yi barkwanci da sunan unguwarmu, ya riga ya gaya wa ma'aikacin cewa baƙo ne a wurin. Baƙo kuwa kullum idonsa yana kan hanya. Sa'a ɗaya ta masallaci ba ta taɓa karya kamfani ba.

Ba mu ce tsarin iyayenmu ba shi da aibi ba. Mun san yaran da suka yi shekara goma suna bauta aka kore su hannu rabbana, domin alkawarin baki ne kawai. Shi ya sa muke kira ga namu masu shagunan waya, wuraren buga takardu da rumfunan tura kuɗi a Sofoline: idan za ku ɗauki yaro, ku zauna da shi da iyayensa, a rubuta shekarun da zai yi, abin da za a koya masa, abin da zai riƙa samu duk wata, da abin da za a sallame shi da shi, limamin unguwa ya shaida. Masu manyan kamfanoni kuma su yi makamancin haka da matakan ƙarin girma da hannun jari, a takarda mai sa hannu, tun ranar da aka ɗauki ma'aikaci.